Tagar Ido: Kowa da Irin Tasa

Yau maganarmu a kan ido ta ke. Ba idon duka ba, wani ɗan yanki ne guda a gabansa, wanda kowa ke gani ta cikinsa tun ran da aka haife shi, amma kaɗan ne su ka san da shi.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan magana shi ne, mutane iri biyu kan zo wurin malamin asibiti da zancen ido. Na fari ya ga wani abu a idonsa wanda ba irin na maƙwabcinsa ba, hankalinsa ya tashi, ya sayar da buhun masara, ya yi ta ɗiga magani, alhali idonsa lafiya lau ya ke, halittarsa ce haka. Na biyu kuwa ciwo ne sosai ya kama shi, ya ce ai haka Allah ya yi shi, ya zauna gida har gani ya tafi. Dukansu biyu abu ɗaya su ka rasa, watau sanin inda bambancin halitta ya tsaya, da inda ciwo ya fara. Shi za mu yi ƙoƙari mu bayyana muku.

Mece ce tagar ido?

In ka dubi idon ɗan'uwanka za ka ga fari, ka ga baƙi, a tsakiyar baƙin kuma ka ga wata 'yar ƙofa wadda ta fi shi baƙi. Yawancin mutane suna tsammani baƙin nan shi ne a waje. Ba haka ba ne. Sa shi ya tsaya bakin ƙofa, ka dubi idon ta gefe. Za ka ga wani abu garau kamar ruwa, ya ɗan tasa, ya rufe baƙin kamar yadda gilashin agogon hannu ya ke rufe fuskar agogo. Wannan shi mu ke kira tagar ido. Likitoci suna ce mata koniya, masu Larabci kuma suna ce mata ƙarniyya. Sunayen nan biyu duk daga kalmar ƙaho su ka fito, domin mutanen da sun ga ta yi kama da ƙahon da aka kankare har haske yana ratsa shi.

Aikinta biyu ne. Na ɗaya, tana tsare cikin ido daga ƙura da datti. Na biyu, wanda ya fi girma, ita ke tattara haske. Fiye da shekara 1,000 ke nan da wani masani, Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya zauna Misira ya nuna cewa gani yana samuwa ne in haske ya taso daga abu ya shiga ido. To, hasken nan a warwatse ya ke zuwa. Sai an tanƙwara shi, an tara shi wuri ɗaya a can bangon bayan ido, sa'an nan abu ya fito sosai. In kana so ka gane, shimfiɗa farar leda a kan rubutu ka ɗiga mata ruwa ɗigo ɗaya. Za ka ga baƙaƙen da ke ƙarƙashin ɗigon sun ƙara girma. Tudun ɗigon ne ya tanƙwara hasken. Haka tudun tagar ido ya ke yi. In an kasa aikin tattara haske kashi uku, kashi biyu ita ke yi. Sauran kashi ɗayan na wani ɗan madubi ne da ke can ciki bayan baƙin ido, wanda shi ne yana ke kamawa in mutum ya tsufa.

Tagar ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa ta ke garau. Abincinta daga hawaye ya ke, da ruwan da ke cikin ido, iska kuma kai tsaye ta ke shaƙa. Amma tana da jijiyoyin ji masu yawa ƙwarai. Shi ya sa ɗan ƙaiƙayi guda in ya faɗa ido wajen shiƙa, sai ka ji kamar tsakuwa.

Ba a yi mu da mudu ɗaya ba

Ku dubi ƙorai da aka fafe daga gona ɗaya. Wata ta fi faɗi, wata ta fi zurfi, wata ta ɗan karkace, amma kowace tana riƙe fura. Haka tagar ido ta ke tsakanin mutane masu lafiya. Likitoci sun auna ta a ƙasashe da yawa, ga kuwa abin da su ka samu.

Faɗinta daga gefe zuwa gefe, ga baligi, ya kan kama daga milimita 11 zuwa 12 da ɗoriya, watau kamar faɗin farcen yatsa. Daga sama zuwa ƙasa ta kan gaza haka da kamar milimita ɗaya. Ashe ko a ido mai cikakkiyar lafiya ba ta zama da'ira sosai ba. Kaurinta a tsakiya kamar rabin milimita ne, misalin warƙar takarda biyar a haɗe, wajen gefe kuma ta fi kauri. Tudunta kuwa, da za a cika shi ya zama ƙwallo, da faɗin ƙwallon zai yi kamar milimita 15 zuwa 16, misalin ɗan magarya. Na wani ya fi haka kaɗan, na wani bai kai ba. Kuma tudun ya fi tashi a tsakiya, yana kwantawa a hankali zuwa gefe.

Watakila wani ya ce, to, in tudun tagar wani ya fi na wani, yaya su ke gani daidai? Amsa ita ce, ido ba taga kaɗai ba ne, yana da zurfi daga gaba zuwa baya, kamar milimita 23 zuwa 24. Tun yaro yana ƙarami ido ya kan yi ta daidaita kansa yana girma. Mai taga mai tudu sosai, galibi idonsa gajere ne. Mai taga kwantacciya, galibi idonsa ya fi zurfi. Wannan ya cike wancan, su biyun su ga alura a ƙasa. Inda daidaiton bai cika ba, nan a ke samun mai ganin kusa ba ya ganin nesa, ko wanda ganin kusa ke gajiyar da shi. Wannan ba ciwo ba ne mai cin ido, awo ne bai zo daidai ba, tabarau kuwa shi ke cike giɓin.

Akwai wani abu game da kauri da ya shafe mu. Awon da aka yi ya nuna tagar idon baƙar fata, in an haɗa jimla, ta fi ta Turawa sirantaka kaɗan. Wannan ba aibi ba ne. Amma yana da amfani likita ya sani, saboda ciwon nan da a ke kira hawan jinin ido, wanda a gaskiya ruwan cikin ido ne ke matsawa har ya kashe jijiyar gani. Abin da a ke auna matsin nan da shi, tagar ido ya ke dannawa. In tagar siririya ce sai ta lotsa da sauƙi, awon ya nuna ƙasa da abin da ke akwai. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2002 ya nuna cewa cikin masu matsin ido, masu siririyar taga sun fi saurin kamuwa da ciwon. Saboda haka wanda ya wuce shekara 40, musamman in akwai wanda ya makance a danginsu ba a san dalili ba, kada ya tsaya ga awon matsi kaɗai. Ya roƙa a leƙa jijiyar da ke bayan idon.

Ƙwarya da ludayi

Yanzu ga bambancin da ya fi yawa. Kifa ƙwarya ka shafa bayanta. Ta ko'ina ka bi, tudunta ɗaya ne. Kifa ludayi ko cokali kuma ka shafa. In ka bi ta tsawo tudun a kwance ya ke, in ka bi ta faɗi ya fi tashi. To, tagar idon yawancin mutane tana da ɗan halin ludayi. Ta wani gefe ta fi tanƙwara haske, ta wani gefe ta gaza. Likitoci suna kiran wannan astigmatizim, mu kuwa bari mu ce karkatar taga.

In karkatar kaɗan ce, mai ita ba ya ko sanin yana da ita, har ya tsufa. Mutane da yawa cikin masu sauraronmu haka su ke, ba su kuwa bukatar kome. In ta yi yawa ne ta ke damu. Mai ita ba ya ganin abu tsaf, ko kusa ko nesa. Almajiri ya kan kasa rarrabe ɗigo ɗaya da ɗigo biyu a allo, ya karanta ba a inda aka rubuta ya. Ɗan makarantar boko ya kan ƙanƙance ido in yana duban allon malam, ko ya karkata kai. Tela ya kan ji ciwon kai in ya daɗe kan keke. Mai babur da dare ya kan ga fitilar mota ta yi wutsiya, ko ta rabu biyu.

Ba yau aka san wannan ba. A shekarar 1801 wani likita a Ingila, Thomas Young, ya bayyana cewa idonsa ba ya ganin zanen tsaye da zanen kwance daidai a nisa ɗaya. A shekarar 1825 wani masanin taurari, George Airy, shi ma a Ingila, ya sa aka wasa masa gilashi wanda ke tanƙwara haske ta gefe ɗaya kaɗai, ya gyara ganin idonsa na hagu. Irin gilashin nan shi a ke yi wa masu karkatar taga har yau.

A nan sai ku lura da abu guda. Karkatar kowa da inda ta nufa, da kuma yawanta, har ma idon dama ya kan bambanta da na hagu. Domin haka tabaran da a ke shimfiɗawa a kasuwar Sheme ko ta Yankara ko ta Dandume ba ya gyara ta. Tabaran kasuwa na karatu ya kan taimaki dattijon da ya wuce shekara 40 wanda rubutu ya fara guje masa, wannan kuwa ɗan madubin ciki ne ya taurare, ba tagar ba ce. Amma mai karkatar taga sai an auna shi, an yanka masa nasa, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka riga. Tabaran wani ba ya yi wa wani.

Waɗansu suna cewa tabarau yana kashe ido, wai in ka fara sawa ba ka iya bari. Ba gaskiya ba ne. Tabarau ba ya taɓa tagar ido, ba ya ƙara mata karkata, ba ya rage ta. Mutum ne ya ɗanɗani gani sosai, in ya cire sai ya gane irin hazon da ya ke ciki da. Ga yara kuwa, jinkirin sa tabarau shi ke da hatsari. Yaro yana koyon gani ne tun daga haihuwa har wajen shekara 7 ko 8. In ido ɗaya bai taɓa samun hoto tsaf ba cikin shekarun nan, ƙwaƙwalwa ta kan yi watsi da shi, ya zama raggon ido, bayan ya girma ko an sa tabarau ba lalle ya dawo ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Yadda ta ke sakewa da shekaru

Tagar mutum ɗaya ma ba ta zama yadda ta ke tun daga goyo har tsufa. Jariri sabon haihuwa faɗin tagarsa kamar milimita 10 ne, tudunta kuma ya fi na babba. Kafin ya cika shekara 2 ta kusa kai girman ta baligi. Shi ya sa idon ƙananan yara ya ke cika musu fuska. Jarirai da yawa suna da karkatar taga, ta kan ragu da kanta kafin su isa shiga makaranta.

Ga samari da 'yammata, galibi tudun ya fi tashi daga sama zuwa ƙasa. In shekaru sun ja, sai ya juya sannu sannu, ya fi tashi daga gefe zuwa gefe. Saboda haka tabaran da aka yi wa mutum yana saurayi ba lalle ya yi masa ba in ya manyanta. Wannan ba alamar idon ya lalace ba ce, sabon awo a ke so.

Mace mai ciki ma tagar idonta ta kan ɗan sake, ta ga tabaranta bai yi mata daidai kamar da ba. Ya kan koma bayan haihuwa, don haka a dakata da yanka sabo sai ta yi arba'in ko fiye. Amma fa a kula. Mai cikin da ganinta ya dushe farat ɗaya, ga ciwon kai, ga kumburin fuska ko ƙafa, wannan ba zancen taga ba ne, jininta ne ya hau. A kai ta asibiti nan da nan, ko da tsakar dare.

Sai kuma zoben tsufa. Dattawa da yawa, in sun ba shekara 50 ko 60 baya, wani zobe fari fari ko toka toka ya kan fito ya kewaye bakin tagar. Mutane kan firgita su ce yana ce ko hakiya. Ba ko ɗaya. Ɗan maiƙo ne ya kwanta a gefe, ba ya shiga tsakiya inda haske ke wucewa, ba ya makantarwa, ba ya bukatar magani, kamar furfura ya ke. Sai dai in ya fito ga wanda bai kai shekara 40 ba, ya kamata a auna masa maiƙon jini. Haka kuma ɗan duhu ko launin ƙasa da a kan gani a farin idon baƙar fata, kusa da bakin tagar, launin jikinmu ne, in dai ba girma ya ke yi ba.

Yadda a ke aunawa

Tagar ido tana ƙyalli kamar madubi, da ƙyallin nan a ke gane siffarta. A shekarar 1880 wani likitan ido na ƙasar Fotugal, Antonio Placido, ya yi wani faifai mai zobe zobe, fari da baƙi, kamar faifan da mata ke saƙawa, ya huda tsakiyarsa. Ya kan riƙe shi gaban idon mutum ya leƙa ta hudar. In hoton zoben ya fito a da'ira, tagar kamar bayan ƙwarya ta ke. In ya fito kamar ƙwai, akwai karkata. In ya fito a murɗe, zobe ya hau zobe, akwai tabo ko ciwo. Na'urorin da ke manyan asibitocin ido yanzu, masu zana taswirar taga a kwamfuta, da yawansu kan dabarar faifan nan aka gina su. Awon ba ya da zafi, ba allura, ba yanka.

Inda ciwo ya fara

Ga ƙa'idar da za ku riƙe. Bambancin halitta ba ya zafi, ba ya ja, ba ya hawaye, tagar tana nan garau, kuma ba ya ƙaruwa daga wata zuwa wata. Abin da ya saɓa wa wannan ciwo ne. Ga guda shida da ya kamata kowane gida ya sani.

Na ɗaya, jariri mai manyan idanu fiye da kima. Mu kan yaba dara-daran idanu, kuma yawancinsu kyau ne kawai. Amma in baƙin idon jariri yana ƙara faɗi, yana yawan hawaye, yana ƙin haske yana cusa fuska jikin uwarsa, ko tagar ta yi hazo, to, ruwa ne ke matsawa a ciki yana buɗa idon. Aiki a ke yi masa, kuma in an yi da wuri a kan ceci ganin. Kada a jira a yaye shi.

Na biyu, tsinin taga. Ga waɗansu matasa tagar ta kan yi laushi, ta sirance, ta turo gaba kamar tsinin jinka. Ya kan fara wajen balaga. Alamarsa, gani yana raguwa shekara shekara, an yi tabarau bana, baɗi ya daina yi. Yana bin jini a wani gida, kuma yawan murza ido yana ƙara shi. Ku lura da yaran nan masu ƙaiƙayin ido kullum, waɗanda farin idonsu ya rine, suna ta murza da bayan hannu. A kai su a ba su maganin ƙaiƙayin, a hana su murza, a riƙa sa musu tsumma mai tsabta da ruwan sanyi bisa ido a rufe. In an gane tsinin da wuri, akwai aikin da a ke yi a waɗansu manyan asibitoci na ƙarfafa tagar don kada ya ci gaba.

Na uku, rauni. Ƙasarmu ta noma ce, daga Ƙetare har Daudawa har Damari. Da kaka, wajen karyar masara da yankan dawa da sussuka, ganye ko kara ko ƙaiƙayi ya kan karci tagar. Ƙwayoyin cuta su shiga, kwana biyu ko uku gyambo ya buɗe. In ya warke ya bar farin tabo, watau hakiya, haske ba ya wucewa, ko kuwa ya wuce a murɗe. In abu ya faɗa maka ido, wanke da ruwa mai tsabta, kada ka murza. In ka kwana yana zafi, ko ka ga farin ɗigo bisa baƙin, ran nan za ka tafi asibiti, ba ranar kasuwa ba.

Na huɗu, ƙyanda da rashin abinci mai kyau. Yaron da jikinsa ya rasa bitamin A, tagarsa ta kan bushe ta daina ƙyalli, in ƙyanda ta same shi haka tana iya narkewa cikin 'yan kwanaki. Alamar fari ita ce dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. A kai yaro allurar ƙyanda yana wata 9, a koma ta biyu yana wata 15. A karɓi ɗigon bitamin A da a ke ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5. A ba su zogale, da alayyafo, da kabewa, da manja, da mangwaro, da gwanda, da ƙwai, da hanta in an samu.

Na biyar, amosanin ido. Ƙuda da hannu da tsumma mai dauɗa ke yaɗa shi tsakanin yara. In ya yi ta komowa, bayan shekaru fatar ido ta kan naɗe ciki, gashin ido ya riƙa gogar tagar har ta yi fari. Tsige gashin ba ya raba mutum da shi, tsirowa ya ke yi. Akwai ɗan aiki da a ke yi a mai da fatar daidai. Rigakafinsa kuwa wanke fuskar yara kullum, da share gida, da yin masai.

Na shida, tsokar da ke hawan ido. Ta kan taso daga wajen hanci ta nufi baƙin ido, ta fi kama masu wuni cikin rana da ƙura. In ƙarama ce ba ta motsi, a bar ta. In tana hawa tana jan tagar har gani ya sake, likita ya cire ta. Malafa da baƙin tabarau suna rage ta.

Cikin dukan waɗannan, abin da ya fi ɓata ido shi ne abin da a ke zuba masa a gida. Kada a ɗiga nonon mace, ko ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko fitsari, ko ruwan batir, ko tsimin ganye. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, gama akwai irin da ke kwantar da ja nan take amma ya sa gyambo ya zurfafa har ido ya fashe. Kada kuma a kai ido wurin mai sakiya.

Gwaji uku na gida

Na fari, rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba tare da dannawa ba, ka dubi wani abu mai nisa, sa'an nan ka sake ɗayan. Mutane da yawa sun daɗe da ido ɗaya ba su sani ba. A yi wa yara haka kafin a sa su makaranta.

Na biyu, sami ɗan kwali ka huda shi da kan ƙusa ƙarama, hudar kamar ƙwayar gero. Ajiye ƙusar nesa, sa'an nan ka leƙa ta hudar wajen haske. In abin da ke dushe ya fito tsaf, alama ce tabarau zai taimake ka. In bai ƙaru da kome ba, wataƙila matsalar ta wuce awo, a je likita ya duba.

Na uku, tsai da mutum yana fuskantar ƙofa da rana, ka dubi hoton ƙofar a idonsa. A taga mai lafiya hoton ya kan fito sumul, yana ƙyalli, gefensa a miƙe. In ya fito a kakkarye, ko wani wuri ya yi dishi dishi ba ƙyalli, fatar tagar ta sami rauni.

Ina za a je?

Daga shekarar 2005 zuwa 2007 an bi Nijeriya duka an duba idon mutum fiye da 13,000, masu shekara 40 zuwa sama. An sami kamar mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma cikin makantar nan kashi 84 cikin 100 irin wadda a ke iya hanawa ce ko a warkar. Cikin waɗanda ganinsu ya ragu bai kai makanta ba, abin da ya fi yawa shi ne rashin tabarau kawai.

Mun sani tafiya tana cin kuɗi, kuma a shekarun nan hanya ba kullum ta ke da aminci ba. Shi ya sa sanin nan ya ke da amfani, don mai zoben tsufa ya huta a gida, mai gyambo kuwa ya kama hanya da sassafe. Ku fara da ɗakin shan magani na kusa da ku. Malamin zai sa ku karanta allon awo daga nisan mita 6. Ba sai kun iya boko ba, akwai allo mai alama kamar yatsu uku, ku nuna inda su ka fuskanta. In abin ya fi ƙarfinsa zai ba ku takarda zuwa babban asibiti, kamar na Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, ya gaya muku inda za ku sami ma'aikacin ido. Gaba da nan akwai asibitin ido a birnin Katsina, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun shekarar 1943. In za ku tafi, ku riƙe takardar, da tsohon tabaranku, da kwalbar duk abin da ku ka ɗiga, ku faɗi gaskiya. Ba wanda zai yi muku faɗa, sani a ke so.

Abin tunawa

1. Tagar ido ta kowa dabam ce, a faɗi da kauri da tudu. Wannan halitta ce.
2. Karkata kaɗan ba ta bukatar kome. Mai yawa, tabaran da aka auna shi ne gyaranta.
3. Yaron da ke ƙanƙance ido ko karkata kai, a auna shi tun bai kai shekara 7 ba.
4. Farin zoben da ke kewaye idon dattijo ba ya makantarwa.
5. Zafi, ja, ƙin haske, farin ɗigo, ko ganin da ke raguwa, asibiti ba jinkiri.
6. Kada a murza ido, kada a zuba masa abin da likita bai bayar ba.

To, jama'a, iyakar maganarmu ke nan ta yau. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, mai karatu ya karanta wa mutanen gidansa, har da mata da tsofaffi. Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.